Ƙaura daga Picasa: hotuna na isa, sunaye na maƙalewa a hanya

Duk wanda ya taɓa shiga shagon mai hoto a Damagaram ko Maraɗi ya san yadda abin yake: tsohuwar kwamfuta bisa tebur, ƙura ta rufe ta, cikinta kuwa hotunan aure da suna da hawan salla na shekaru da shekaru. Da yawanmu da Picasa muka saba tsara waɗannan hotuna, domin kyauta ce, ba ta da nauyi, ba ta kuma neman intanet kafin ta yi aiki.

Sai dai manhajar ta jima da zama marainiya. Kamfanin Google, wanda ya saye ta a 2004, ya daina kula da ita tun 15 ga watan Maris na 2016. Tana buɗewa dai a na'urar da take ciki, amma ranar da na'urar ta mutu, ƙaura ta zama tilas. Masu amfani da Apple ma sun ga irin haka a 2015, sa'ad da Photos ta maye gurbin iPhoto da Aperture.

Abin da ya kamata mu gane shi ne, Picasa ba ta ajiye hotuna cikinta. Suna nan cikin dosiyoyinsu, leƙa su kawai take yi. Kwashe su kenan ba wuya. Wuyar tana ga aikin da muka yi a kansu. In mun yanke gefen hoto ko mun ƙara masa haske, ba ta taɓa ainihin hoton, sai ta rubuta gyaran cikin wani ƙaramin ɓoyayyen fayil mai suna .picasa.ini. Nan ne kuma, da cikin rumbun bayananta, take ajiye sunayen da muka liƙa wa fuskoki. Albam ma jerin sunaye ne kurum, ba dosiye ba. Galibin sababbin manhajoji ba su karanta waɗannan bayanai, don haka hoton zai isa lafiya, amma ba gyara, ba suna.

Wani zai ce wannan ƙaramin abu ne. To, a bari sai ranar da wani ya shigo shago yana neman hoton mahaifinsa da ya rasu, wanda aka ɗauka wajen wani biki shekara goma baya, alhali hotuna dubbai ne masu lamba maimakon suna.

Maganin kuwa kafin tashi ake yin shi. Da farko a kwafe kome da kome, har da ɓoyayyun fayil, zuwa wani faifan ajiya na waje, a cire shi a aje gefe. Sannan a koma cikin Picasa. Fitowarta ta ƙarshe, wato 3.9, tana iya rubuta sunayen fuskoki cikin hotunan kansu, a tsarin da ake kira XMP. Kowane albam a sa wa hotunansa kalmar shaida mai sunan albam ɗin, domin kalmomin shaida da bayanin ƙasan hoto cikin hoton JPEG suke zama, duk inda ya je suna tare da shi. Hotunan da aka gyara kuma a adana gyaran. Na asali za su koma wata ɓoyayyar dosiye, kada a share ta. Kada kuma a yi gangancin tura kayan ta WhatsApp: yana rage girman hoto, yana goge ranar da aka ɗauke shi.

Ina aka nufa? Lightroom sai da kuɗin rajista, wata-wata ko shekara-shekara. Google Photos ya daina ajiya kyauta marar iyaka tun 1 ga Yunin 2021, giga 15 ce kyauta, wadda ake rabawa da Gmail, ga kuma kuɗin intanet. A ganinmu, ga mai shago a Tawa ko Yamai, digiKam ta fi dacewa: kyauta ce, tana aiki ba intanet, tana kuma karanta sunayen da ke cikin XMP, ko da yake sai an yi haƙuri kafin hannu ya saba da ita.

A fara gwaji da dosiye guda, a nemi sunan mutum biyu ko uku a gani ko sun fito. A guji lokacin da aka saba ɗauke wuta, don yankewarta ana tsakar rubutu na iya lalata hoto. Tsohuwar kwamfutar kuma kada a sayar, kada a goge ta, sai an ƙirga hotunan ɓangarorin biyu an ga adadi ya zo daidai.