Danshi, Gara da Azara: Kimiyyar Gyaran Daɓe da Rufin Tsohon Ɗaki

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka, ya ratsa lungunan da ke tsakaninta da Babban Dodo, zai ga gidaje iri uku: akwai na ƙasa zalla masu rufin soro, akwai na ƙasa waɗanda aka yi wa yaɓen siminti aka ɗora musu kwano, sannan akwai na bulo. Da zarar damina ta ɗauke, magidanta da samarin gida sukan duƙufa wajen gyaran daɓen da ya farfashe da rufin da ya yi yoyo, galibi da hannunsu, saboda tsadar aiki. Sai dai sau da yawa gyaran bana ba ya kai baɗi, domin an gyara abin da ido ya gani ne, an bar musabbabinsa. Wannan maƙala za ta nuna cewa danshi shi ne tushen ɓarnar, kuma shi ke gayyato halittun da ke cinye ɗaki.

Hanyoyin da ruwa ke bi

Ruwan saman da ke sauka a Zariya a shekara yakan kai kimanin milimita 1,000, mafi yawansa tsakanin watan Mayu da Satumba. Milimita ɗaya na ruwa a kan fili mai murabba'in mita ɗaya daidai yake da lita ɗaya. Ke nan ɗaki mai mita 4 tsawo da mita 4 faɗi, rufinsa yana karɓar lita 16,000 a damina guda, wato cikin duro 80 masu cin lita 200. Idan indararo ya toshe, wani kaso na wannan ruwa zai kwanta a kan soro ya tsattsafa ciki.

Hanya ta biyu ta ƙarƙashin ƙasa ce. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai ƙananan ƙofofi waɗanda ruwa ke bi ya hau sama, kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila. Wannan ruwa yana tafe da gishirin ƙasa a narke. In ya ƙafe, sai gishirin ya daskare ya kumbura, ya riƙa marmashe gindin bango da gefen daɓe. Farin garin da ake gani a gindin bango alamarsa ke nan.

Gara da funfuna

Masana sun ƙididdige nau'o'in gara kimanin 3,000 a duniya. Abincinta shi ne selulos, wato sinadarin da ya fi yawa a jikin itace da ciyawa da takarda. Irin garar da ke gina suri, wadda ake kira Macrotermes, tana noma wata funfuna a cikin gidanta, funfunar ce ke taya ta narkar da itacen da ta kwaso. Uwar gara guda takan saka dubban ƙwai a yini ɗaya.

Duk da wannan yawa, gara tana da rauni babba: fatarta siririya ce, iska mai bushewa na iya kashe ta cikin ɗan lokaci. Shi ya sa ba ta tafiya a sarari, sai ta gina hanyar ƙasa mai rufi ta bi ta ciki. Bangon da ya jiƙe da daɓen da ya tsage sun zame mata buɗaɗɗiyar hanya daga ƙasa har zuwa rufi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, haka abin yake ga gara.

Ita kuwa funfunar da ke ruɓar da katako ba ta iya aiki muddin danshin da ke cikin katakon bai wuce kimanin kashi 20 cikin 100 ba. Busasshen katako yakan daɗe ƙwarai, amma jiƙaƙƙe sai ya yi laushi, ya ƙara daɗin ci ga gara.

Hikimar azara da makuba

Maginan gargajiya sun san waɗannan abokan gaba tun tuni. Azara daga gangar jikin giginya ake tsago ta, musamman namijin giginya. Ɓangaren waje na gangar cike yake da baƙaƙen jijiyoyi masu tauri, waɗanda sinadarin lignin ya ƙarfafa, shi ya sa gara ke shan wuyar cin sa. Tsakiyar gangar kuwa laushi gare ta, don haka azarar da ta kwaso fari da yawa ba ta da ƙarko. Da irin wannan azara ce Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu.

Makuba kuma daga ɓawon ɗorawa ake samun ta. Tana ɗauke da tanin, sinadarin nan mai bauri wanda majema ke nema a jikin bagaruwa. Tanin yakan haɗu da sinadarin ƙarfen da ke cikin jar ƙasa, sai daɓe ya yi duhu, ya yi tauri, ya rage shan ruwa. Har ila yau akwai laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, a shafe soro da shi. Amfanin waɗannan kayan shi ne suna kore ruwan sama, amma ba sa hana danshin da ke ciki fita.

Gyaran daɓe

Da rani ake wannan aiki. Da farko a zaga waje a duba inda ruwa ke kwanciya a gindin bango, a cike shi, a karkata shi zuwa rariya. Sannan a bi daɓen ana ƙwanƙwasawa da sanda. Duk inda ya yi amo kamar ganga, akwai rami a ƙarƙashi. A fasa wurin, a haƙa har a tarar da ƙasa mai tauri, a kwashe duk wani guntun itace ko saiwa, a bar ramin ya sha iska ya bushe.

Bayan haka a zuba tsakuwa mai kaurin kimanin santimita 10. Ƙofofin da ke tsakanin tsakuwa manya ne, ruwa ba ya iya hawa ta cikinsu, wato an yanke lagwanin ke nan. Ya kamata daɓen ɗaki ya ɗara tsakar gida tudu da aƙalla santimita 15. Mai son daɓen gargajiya sai ya zuba marmara, a yayyafa ruwa, a yi ta bugu da madaɓi, a ƙarasa da ruwan makuba. Mai son siminti kuwa ya shimfiɗa leda mai kauri tukuna, ya kwaɓa awo ɗaya na siminti da uku na yashi, ya kuma riƙa ba shi ruwa har kwana 7.

A nan akwai abin lura. Danshin da siminti ya hana fita ta daɓe, bango zai nufa. Idan shi ma bangon ƙasar an rufe shi da siminti ciki da waje, ruwan zai taru a tsakiya, bango ya ruɓe alhali fuskarsa tana sumul. Saboda haka bangon ƙasa yaɓen ƙasa ya fi dacewa da shi.

Gyaran rufi da silin

Kan azara, inda ya nutse cikin bango, nan ne ya fi saurin lalacewa. A caka masa basilla. In ta shige ba da wahala ba, azarar ta mutu. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara sabon yaɓe bisa tsoho kowace shekara. A kan ɗakin nan mai murabba'in mita 16, yaɓe mai kaurin santimita 5 kacal nauyinsa ya kai kimanin kilo 1,400, daidai da buhun siminti 28, kuma in ya sha ruwa sai ya ƙara nauyi. Don haka a kankare tsohon yaɓen da ya saki kafin a sa sabo, a kuma share indararo.

A ɗakin kwano, tabon ruwa a jikin silin yana nuna yoyo ne a sama. Sai an toshe hujin kwanon kafin a canza silin. Bugu da ƙari, akwai haɗari iri biyu ga huhu. Na farko kashin jemage da ke taruwa a saman silin, wanda wata funfuna mai suna Histoplasma kan rayu a cikinsa. A yayyafa masa ruwa kafin a kwashe, a rufe hanci da baki sosai. Na biyu shi ne tsohon silin na asbesto, mai tauri da launin toka. Ƙurarsa tana haddasa sankarar huhu, cutar kuma ba ta bayyana sai bayan shekaru 20 ko fiye. Idan lafiyarsa lau, a shafa masa fenti a bar shi. Kada a yanka shi da zarto ko a goge shi da sanfefa. Game da maganin gara kuwa, a guji aldrin da dieldrin, waɗanda Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta haramta, da kuma Gammalin 20, wanda sinadarinsa ya shiga jerin a 2009. Sukan daɗe a cikin ƙasa, su gangara rijiya.

Gyaran hannu yana da iyaka. In azara ta lanƙwasa, ko bakan gizo ya tsage, ko ƙasa ta fara zubowa daga rufi, a fitar da mutane nan take a kira magini. Ranar 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na masallacin da aka ambata a baya ya rufta ana sallar La'asar, aka rasa rayuka, kwana ɗaya bayan an lura da tsaga a bangonsa.

Aiki ga ɗalibai

A samo tubali biyu. A zuba ruwa kaɗan a faranti, a tsayar da ɗaya kai tsaye a cikin ruwan, ɗayan kuma a ɗora shi bisa tsakuwar da ta ɗara ruwan tudu. A riƙa auna tsawon da danshi ya hau kowace awa. Haka kuma a binne guntun azara da guntun farin katako kusa da suri, a tono su bayan wata uku, a gwada nauyinsu na farko da na ƙarshe bayan sun bushe.

Kammalawa

A taƙaice, tsarin gyara shi ne: a fara da kawar da ruwa, a bari ɗaki ya bushe, a toshe hanyar gara, sannan a zo kan daɓe da silin. Wanda ya bi wannan jeri, ko da makuba ya yi aiki ko da siminti, gyaransa zai ga damina da yawa.