Yadda dutse ke tona asirin tsohuwar hanyar fatauci

Idan dutse mai aman wuta ya zubo narkakken ruwansa ya huce da sauri, yakan daskare ya zama baƙin gilashi da ake kira obsidiyan. Gefensa ya fi aska kaifi, shi ya sa mutanen dā suka riƙa fasa shi suna yin wuƙaƙe. Kowane dutse yana da nasa gwargwadon sinadarai irin su zirkoniyam da rubidiyam. Masana kan haska ɓarɓashin obsidiyan da na'urar auna sinadarai ta XRF, su gwada sakamakon da na duwatsun da aka sani, sai asalinsa ya bayyana. A Olorgesailie ta Kenya, an gano cewa tun kimanin shekaru 300,000 da suka wuce ake ɗauko shi daga wurare masu nisan kilomita da dama.

Mu a nan, labarin yana arewa maso gabas da Gombe. Kwarin Tafkin Chadi yashi ne da laka, babu dutse. Amma a Gajiganna ta Borno, inda aka zauna tun wajajen shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masana daga Jami'ar Frankfurt da ta Maiduguri sun tono gatura da duwatsun niƙa. Nazari kan kayan dutse na yankin ya nuna an ɗauko su daga Tsaunukan Mandara, da kuma Hadjer el Hamis da ke Chadi. Wani ne ya sha ɗawainiyar ɗauko su.

Tudun Biu da Dutsen Tangale ma aman wuta ne ya haife su. Ya kamata ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe su auna sinadaransu, su adana sakamakon domin a riƙa gwada shi da na kayan dutsen da ake tonowa.