Dalilin da ya sa wasu shafukan intanet ke wargajewa a wayar hannu

Sau da yawa mutum kan buɗe shafin wata ma'aikata ko na wani kanti a wayarsa, sai ya tarar rubutu ya hau kan hoto, maɓallin biyan kuɗi ya ɓuya a gefe, sai ya yi ta jan allo hagu da dama kafin ya karanta layi guda. Akan ɗora laifin a kan waya ko raunin intanet, alhali galibi matsalar tana cikin tsohon tsarin da aka gina shafin a kansa.

Masu gina shafuka ba kasafai suke farawa daga tushe ba. Kamar yadda magini ke sayen bulo maimakon ya buga da kansa, haka su ma suke ɗauko shiryayyen tsari su ɗora aikinsu a kai. Ɗaya daga cikin mafi shahara shi ne Bootstrap, wanda Mark Otto da Jacob Thornton suka ƙirƙira a kamfanin Twitter, aka sake shi kyauta a 2011. Tsarin yana raba faɗin shafi gida 12, mai zane kuma ya ba kowane sashe adadin da yake so.

Tsofaffin zubinsa sun dogara ne da wata dabara mai suna float. Asalin aikinta shi ne ta sa rubutu ya zagaye hoto, kamar yadda ake gani a jarida. Da yake babu abin da ya fi ta a wancan lokaci, sai aka are ta ana jera sassan shafi da ita. Sai dai kayan aro ba ya rufe katara: akwatunan da aka jera ba sa daidaita tsayinsu, kuma da zarar ɗaya ya ɗan wuce faɗinsa, sai na kusa da shi ya zame ƙasa. Masu zane suka riƙa toshe waɗannan ɓaraka da faci a kan faci, har gyara ƙaramin abu ya zama haɗari ga shafin gaba ɗaya.

Daga baya aka samar da dabarun da aka yi su musamman domin wannan aiki. Flexbox tana jera abubuwa a layi, ta raba musu fili gwargwadon girman allo. Grid kuwa tana tsara layuka a kwance da a tsaye lokaci guda, kuma manhajojin Chrome, Firefox da Safari sun fara aiki da ita a watan Maris na 2017. Bootstrap 4, wanda ya fito a Janairun 2018, ya koma kan Flexbox. Bootstrap 5 ya biyo baya a Mayun 2021, inda ya daina dogaro da jQuery, ya kuma daina tallafa wa Internet Explorer, manhajar da Microsoft ta yi wa ritaya a ranar 15 ga Yunin 2022.

Zubi na 5 ya zo da wani sauyi mai amfani ga masu wallafa Larabci ko Ajami: umarnin da a da ke cewa "hagu" da "dama" ya koma "farko" da "ƙarshe", ta yadda shafi zai iya juyawa ya bi rubutun da ke farawa daga dama.

A irin waɗannan sauye-sauye ne kuma haɗarin sabuntawa yake. Tunda sunayen umarni sun canza, wanda ya cire tsohon zubi ya saka sabo kai tsaye zai iya wayar gari shafinsa ya hargitse. Zama a kan tsohon ma yana da nasa haɗarin, domin masu Bootstrap sun daina kula da zubi na 3 a 2019, na 4 kuma a farkon 2023, wato ba sa ƙara fitar musu da gyara.

Saboda haka ɗan kasuwa ko jami'in da zai ba da kwangilar shafi yana da tambayoyin da ya kamata ya yi kafin ya sa hannu: a kan wane zubi za a gina shi, kuma wa zai ci gaba da kula da shi bayan an miƙa aiki? Idan sabuntawa za a yi, a fara da kwafin shafin, a gwada shi a ƙaramar waya mai araha irin wadda yawancin abokan ciniki ke riƙewa, sannan a buɗe wa jama'a.