Idan Annoba Ta Shigo, Za Mu Je Kallon Kokowa?

Da zarar an gama girbi, an ɗaure dammuna an cika rumbuna, sai hankalin samari ya koma dandali. Daga Magariya zuwa Bande da Waca, daga Dungas zuwa Dogo-Dogo da Malawa, kiɗan ƴan kokowa ne ke tashi. Manomi ya sayar da gyaɗa ko riɗi, ya samu ɗan abin kashewa. Ya sha wahalar damina, yana son ya huta ya yi nishaɗi. Wannan haƙƙinsa ne.

Sai dai lokacin kokowa shi ne kuma lokacin sanyi da ƙura, sa'ad da tari da mura da sanƙarau suke yawo. Shi ya sa muka kawo wannan tambaya: idan annoba ta shigo, mutane za su je kallo ko za su zauna gida? Wanne kuma ya fi?

Abin da ya faru lokacin korona

Cutar korona ta ɓulla a ƙasar Sin a ƙarshen 2019. Cikin wata uku ta kusan game duniya. Ranar 17 ga Maris 2020, shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ya ba da sanarwar rufe makarantu da iyakokin ƙasa. Aka kuma hana taron da ya wuce mutum 50. Bayan kwana biyu aka samu mutum na farko da ya kamu a Yamai.

Babbar kokowar neman takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, ita ma ta tsaya. A wannan gasa jihohi 8 ne ke karawa, kowace da ƴan kokowa 10. An yi ta a Maradi kafin cutar ta shigo. A ƙarshen 2020, shekarar annoba kuma shekarar zaɓe, ba a yi ba. Sai a Disamba 2021 aka sake haɗuwa a Yamai, inda Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobi.

Haka abin ya kasance a sauran ƙasashe. An ɗage wasannin Olimfik na birnin Tokiyo daga 2020 zuwa 2021, kuma kusan duka an yi su babu ƴan kallo. Hukumomi suna da dalilin yin haka. Ranar 19 ga Fabrairu 2020, mutanen garin Bergamo na Italiya wajen 40,000 suka tafi birnin Milan kallon ƙwallo. Bayan ƴan makonni, garinsu ya zama cikin waɗanda cutar ta fi yi wa ɓarna a Turai. Likitoci da dama suna ganin wannan taro ya taimaka wajen yaɗa ta.

Shin ƴan kallo suna daina zuwa?

Ba sa dainawa, sai in an rufe ƙofa. A Yuli 2021, cutar ba ta ƙare ba, amma sama da mutum 60,000 suka shiga filin Wembley a Ingila don kallon wasan ƙarshe na cin kofin Turai. A Janairu 2022 aka yi gasar cin kofin Afirka a Kamaru. Can an ce sai mai katin riga-kafi da takardar gwaji zai shiga, sai aka ga kujeru da yawa babu kowa a wasannin farko.

Darasin da ke ciki shi ne, tsoro yana riga cuta tafiya. Makon farko kowa yana taka-tsantsan. Bayan wata biyu an saba, ana cewa ai ta wuce, alhali tana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta janye matakin gaggawa a kan korona ba sai ranar 5 ga Mayu 2023. Mu ma nan haka muke. Idan makaɗi ya buga, aka ji kirarin gwanin garinmu, ƙafa ba ta zama. Tun da mun san za mu je, wajibi ne mu san inda haɗarin yake.

Ta ina cuta ke shiga?

Kowace cuta da hanyarta.

Korona tana bin numfashi. Mai ita ya yi tari, ko atishawa, ko ihu, sai ƙwayoyinta su fita su shiga hancin na kusa da shi. Mutum yana iya ɗauke da ita bai ji ciwon komai ba. A fili inda iska ke kaɗawa haɗarin yana raguwa. Ya fi yawa a cikin motar da aka cusa mutum ashirin aka rufe gilashi, da ɗakin da baƙi goma suka kwana, da rumfar kallon talabijin da aka toshe ko'ina.

Sanƙarau ma numfashi da yawu yake bi, kuma ya fi son rani da ƙura, domin ƙura tana busar da hanci da maƙogwaro. Wannan cuta ba baƙuwarmu ba ce. Daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, an ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Gundumar Dungas ce ta fi yawan masu ciwon, kuma Matamai da Mirya da Magariya ba su tsira ba. Yawancin waɗanda suka kamu yara ne da matasa. A wannan lokaci ana fama da ita a jihar Jigawa ta Nijeriya. Cuta ba ta san iyaka ba. Hanyar da muke bi zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis, ita take bi.

Kwalara, wato amai da zawo, ruwa da abinci take bi. A 2021 ta kama sama da mutum 5,000 a Nijar, har da jiharmu. A wurin taro tana samun hanya ta randar da kowa ke tsoma moɗa, da abincin da ƙuda suka sauka a kai, da bayan gari inda ake zagayawa don babu masai.

Ashe ba cikin da'irar kokowa kaɗai haɗarin yake ba. Yana cikin tafiya, da sha, da ci, da wurin kwana.

Wa ke shan wahalar?

Saurayi mai ƙarfi yana iya kamuwa da korona ya warke cikin mako guda. Amma zai koma gida. A gida akwai tsohuwa, akwai mai ciwon sukari ko hawan jini, kuma su cutar ta fi kayarwa. Idan sanƙarau ya kawo, ƙannensa ne a gaba. Wanda bai ga kokowa ba shi zai biya kuɗin kallo. Maigida kuwa ya buɗe rumbu ya sayar da hatsi don magani, abincin bazara ya tafi.

Abin da ya kamata mu yi

1. Idan hukuma ta dakatar da taro, mu dakata. Ana jin kokowa a rediyo.

2. Mai zazzaɓi, ko tari, ko zawo, ya zauna gida, ko da gwanin garinsu ne zai kara.

3. Tsofaffi da mata masu ciki da masu goyo su haƙura da taro har annoba ta wuce.

4. Idan masu allurar riga-kafi sun zo gari, mu fito da iyalinmu duka, mu kuma adana katin.

5. Kowa ya tafi da gorar ruwansa. Mu wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan zagayawa.

6. Idan cutar numfashi ce ake ciki, mu rufe baki da hanci, mu buɗe gilashin mota, mu kwana inda iska ke shiga.

7. Maigari da shugabannin samari su tuntuɓi ma'aikatan kiwon lafiya kafin su sa ranar wasa. Su tanadi ruwa mai tsabta da masai, su yayyafa ruwa a fili don kwantar da ƙura.

8. Bayan an dawo, a sa ido mako biyu. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, a tafi gidan likita nan take, domin sanƙarau yana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Mai zawo kamar ruwan shinkafa, a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari ana tafiya. Mai tari da wahalar numfashi ma kada a jira.

Ƴan uwa, kokowa gadonmu ce, ba wanda ya ce a bar ta. Takobin da aka ajiye a 2020 an ɗauke shi a 2021. Wasan da aka ɗage bana ana yin sa baɗi, amma sai mai rai da lafiya zai gani. Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa maƙwabcinsa kafin kiɗa ya tashi. Riga-kafi ya fi magani.