Tufafin Fata a Zamanin Farfaɗowar Ilimi

Tsakanin shekarar 1400 da 1600 ilimi da sana'o'i suka bunƙasa a ƙasashen Turai. Wannan lokaci shi a ke kira Zamanin Farfaɗowar Ilimi. Daga Italiya ya faro, sa'an nan ya bazu sauran ƙasashe. A zamanin nan talaka da basarake duk suna sa fata, amma kowa da irin tasa.

Aikin yakan fara daga majema. Su kan jiƙa fata a ruwan farar ƙasa, su kankare gashin, sa'an nan su binne ta cikin rami tare da ɓawon itace, kamar yadda a ke jima da bagaruwa. Fatar sa mai kauri ta kan shekara a ramin. Saboda ɗoyi, a bakin kogi ko bayan gari a ke ajiye majema.

Manomi da soja da matuƙin jirgin ruwa su kan sa 'yar shara ta fata a kan riga. Ita ke tsare su daga sanyi da ƙaya. Masu hali kuwa ado su ke nema. Dukawa su kan tsattsaga musu fatar a jere, don a hangi alharinin da ke ciki. Sun fi son fatar Ƙurɗuba, wani birni na Andalus, saboda laushinta. Suna kuma sa safar hannu ta fatar ɗan akuya, wadda aka shafe da miski don a kashe warin jima. Matan attajiran birnin Banis su kan hau takalman katako da aka lulluɓe da fata. Tsayin waɗansu ya kai inci 20, har sai baranya ta riƙe uwargijiyarta kafin ta iya tafiya.

Yawancin tufafin talakawan zamanin sun ruɓe, amma teku ta ɓoye waɗansu. A shekarar 1545 wani jirgin yaƙi na Sarki Henri na Takwas na Ingila, mai suna Meri Ros, ya nutse da ɗaruruwan mutane, kaɗan ne suka tsira. Laka ta rufe kayansu. A shekarar 1982 aka tsamo jirgin. Cikin abin da aka samu har da takalma da 'yan sharar fata na mutanen nan, ga ɗinkin dukawa a jikinsu bai ɓace ba.