Wa Ya Yi Kisan? Dokokin Labarin Bincike da Abin da Kurni Ta Tanadar wa Marubuci

A cikin Dare Dubu da Ɗaya akwai labarin wani masunci da ya jefa taru a kogin Dijla, ya jawo akwati a kulle. Da aka fasa shi a gaban Halifa Haruna Rashidu, sai ga gawar wata mace an yi gunduwa-gunduwa da ita. Halifa ya ba wazirinsa Ja'afaru kwana uku ya kawo wanda ya yi wannan ɗanyen aiki, in ba haka ba a rataye shi. Waziri kuwa gida ya koma ya zauna jiran ajali. Mijin matar ne ya kawo kansa ya amsa laifi. Bawan da ƙaryarsa ta haddasa kisan ma ba a gano shi ba sai da Ja'afaru ya rungumi ƙaramar 'yarsa don ban kwana, ya ji tuffa a aljihunta, wadda ta tona asirin bawan.

Labarin yana da gawa, da wa'adi, da ruɗani, amma babu wanda ya gano gaskiya da hankalinsa. Mai son ganin wannan aiki na hankali sai ya tuna ƙissar Annabi Yusuf (AS), wadda ba ƙage ba ce: shaida ya ce a duba rigar Annabi Yusuf, ta gaba ta yage ko ta baya. Alama ce ƙarama da kowa ke gani, mutum ɗaya ne ya san tambayar da za a yi mata. A kan irin wannan tunani aka gina labarin binciken kisa na zamani.

Edgar Allan Poe ɗan Amurka ne ya kafa harsashin a 1841, da labarin wata mata da 'yarta da aka kashe a birnin Paris, cikin ɗakin da ke kulle ta ciki. A 1887 Arthur Conan Doyle ya fito da Sherlock Holmes da abokinsa Likita Watson, daga nan kuma ya zama al'ada a haɗa mai bincike da aboki mai matsakaicin tunani, wanda ke yin tambayoyin da ke bakin mai karatu. Agatha Christie ta shigo a 1920 da Hercule Poirot. Kafin shekara goma sai ga masu rubuta dokoki: S. S. Van Dine ya kawo 20 a 1928, Ronald Knox, limamin Katolika a Ingila, ya kawo 10 a 1929.

Dukansu abu ɗaya suke karewa, wato kada marubuci ya ci amanar mai karatu. Labarin kacici-kacici ne mai tsawo, wanda ya ƙulla shi kuma dole ya riƙe amsarsa tun farko, ya bar ƙofar da mai lura zai bi ya canka. Saboda haka ake so mai kisan ya bayyana tun shafukan farko, yana gaisawa da mutane, yana zaman makoki tare da su. Duk alamar da mai bincike ya gani sai an nuna wa mai karatu. An yarda a ɓad da sawu, a jingina zargi ga mai mugun hali wanda hannunsa ba jini, amma ba a yarda da ƙarya ba. An hana dafin da kimiyya ba ta sani ba, da tagwayen da ke faɗowa a babin ƙarshe, da gaskiyar da aka yi tuntuɓe da ita irin tuffar Ja'afaru. A ƙarshe a tara waɗanda ake zargi wuri ɗaya, a warware ƙullin zare-zare. Christie ta tayar da ƙura a 1926 da littafin kisan Roger Ackroyd, inda mai ba da labarin ne ya yi kisan. Wasu sun ce ta yi maguɗi, amma wanda ya sake karantawa zai ga mutumin bai yi ƙarya ba, tsallake abin da ya ga dama ya yi.

To, a ɗauko wannan tsari a kai shi Kurni, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Kance da ke jihar Damagaram, ba nisa da Matamaye da iyakar Najeriya. Wani abin zai zauna daram. Christie sai da ta tsayar da jirgin ƙasa cikin ƙanƙara a littafinta na 1934 don ta killace waɗanda ake zargi. A ƙauye baƙo ba ya kwana ba a san mai masaukinsa ba, don haka da'irar a rufe take tun asali. Dalilin kisa ma ba sai an yi aro ba: yankin Kance na cikin mafi cunkoson jama'a a Nijar, gona ta yi kaɗan, rabon gado da iyakar gona suna raba 'yan uwa. Ga rairayi mai riƙe sawu, ga mutanen da suka saba bin sawun dabbar da aka sace, suna bambance takalmi da takalmi, da tayar babur da ta amalanke, kafin iska ko garke ya shafe.

Inda aikin ya fi daɗi shi ne wuraren da dokokin Turawa ba su hango ba. A littattafansu gawa tana kwance tana jiran likita. A ƙasar Hausa wanda ya rasu da asuba kan kwanta a makwancinsa kafin azahar, babban asibitin Damagaram kuma ba kusa ba. Mutum ɗaya ne ya ga shatin da ke wuyan mamacin, mai wankan gawa, wanda tarbiyyar addini ta koya masa rufa asirin abin da ya gani. Ya yi magana ko ya yi shiru? Wannan kaɗai ya isa ya riƙe littafi.

Jandarman da ya zo daga Matamaye a zaure zai tsaya, domin gidan matan aure ba shiga. Mai kitso da ungozoma da dillaliya kuwa har ƙuryar ɗaki suke kaiwa, kuma ba a ɓoye musu fuska. Christie ta fahimci darajar irin wannan ido, shi ya sa ta ƙirƙiri Miss Marple, tsohuwar ƙauye da ba a ɗauka komai ba. Sannan ga kunya. Matar da ba ta ambatar sunan mijinta, da surukin da ke sunkuyar da kai, shirunsu na ladabi ne ko na laifi? Lokaci ma da salla ake auna shi. Wanda ya ce yana masallaci da isha'i, sai a tambayi sahu wa ya tsaya a damansa. Wanda aka ce ya tafi ci-rani Kano ko Aljeriya, wa ya ga shigarsa mota?

Doka mafi nauyi a nan ita ce ta Knox mai hana jingina kisa ga abin ɓoye. Mutanen cikin labarin za su ce maita ce, ko sammu, ko aikin iska, kuma marubucin da ya hana su faɗa bai san mutanensa ba. Moussa Konaté na Mali ya nuna hanya a littafinsa na 2006, inda Kwamishina Habib ya je ƙasar Dogon binciken mace-macen da jama'a ke dangantawa da asiri. Ana sauraron imanin mutane da mutunci, amma a ƙarshe hannun ɗan Adam ake nunawa. Wannan doka tana da amfanin da ya wuce nishaɗi, domin zargin maita a kan marar gata yake sauka, galibi tsohuwar da ba ta da mai tsaya mata. Labarin da ke koya wa yaro ya nemi hujja kafin ya nuna yatsa yana yi wa irinta aiki.

Harsunan Afirka sun riga sun gwada. Muhammed Said Abdulla na Zanzibar ya fito da mai bincike Bwana Msa da Swahili a 1960, Kola Akinlade kuma ya yi irinsa da Yarbanci. Adabin Hausa bai rasa laifi ba: akwai ɓarayi a Idon Matambayi, da ramuwar gayya a Jiki Magayi, da fasa-ƙwauri a Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, da zubar da jini a Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Sai dai a cikinsu mai karatu ya san mai laifi, sakamakonsa yake jira. Littafin da ke ɓoye mai kisan cikin adalci har shafin ƙarshe bai yawaita ba idan aka kwatanta da na soyayya.

Marubutan Damagaram da Maraɗi da Kano ba sa bukatar aron birnin Landan ko ɗan sanda mai hular malafa. Su rubuta labarin a Kurni, su ba mai kitso aikin bincike, su kuma tabbatar duk alamar da za ta tona asirin mai kisan tana gaban mai karatu tun kafin a yi sadakar uku.