Amsar Wasiƙunku: Yadda Ake Wanke Murhun Lantarki Mai Fuskar Gilashi

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a ƙasar Bichi. Ya ce ɗansa da ke aiki a birni ya kawo wa mahaifiyarsa murhun lantarki mai fuskar baƙin gilashi, irin wanda ba a ganin wuta a kansa. Yau wata uku ke nan, ga fuskar duk ta yi zane-zane da fari-fari, kuma wani lokaci ana cikin girki sai ya ɗauke da kansa. Yana tambaya, shin an cuce su ne, ko kuwa su ne ba su iya riƙo ba?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Bari mu fara da yadda abin yake aiki, don wanda ya gane wannan, wankin ba zai ba shi wuya ba.

Shi wannan murhu, wanda ake kira indakshan, ba kamar risho ko murhun gas yake ba. A ƙarƙashin gilashin akwai wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe kamar faifai. Idan lantarki ya ratsa ta, sai ta haifar da ƙarfin maganaɗisu, shi kuma ya shiga gindin tukunya ya sa ƙarfen ya yi zafi. Wani masani ɗan Ingila, Michael Faraday, shi ya gano tushen wannan ilmi tun a 1831. Watau dai tukunyar ce ke yin zafi, gilashin kuwa daga jikinta yake ɗauka. Shi ya sa tukunyar ƙasa da ta dalma ba sa aiki a kansa. In za ka sayi tukunya, tafi kasuwa da ɗan maganaɗisu. In ya manne a gindinta, kuma gindin shimfiɗaɗɗe ne, to za ta yi.

Yanzu sai zanen da ka gani. Ina kyautata zaton uwargida ta wanke shi ne yadda muka saba wanke tukwane, da toka da yashi ko soson ƙarfe. Ba laifinta ba ne, haka muka taso muka tarar. Amma fa yashi ya fi gilashin nan tauri, ƙwaya ɗaya ta isa ta ja masa layi. Haka nan tukunyar da ta sha murhun icce, gindinta na ɗauke da baƙi da tsakuwa, in aka ja ta a kan gilashi sai ta karce shi. Don haka a ware wa wannan murhu tukwanensa, a goge gindinsu kafin a ɗora, in za a kawar da tukunya a ɗaga ta, kada a ja. Tuƙin tuwon gida mai yawa kuwa, a bar wa murhun icce, domin nauyi da girgizar muciya na iya tsaga gilashin.

Ga yadda ake wankin, kuma kullum aka gama girki a yi shi. A kashe murhun, a jira fankar da ke cikinsa ta tsaya, sa'an nan a zare waya daga soket, a bar shi ya huce. A sami tsumma mai laushi, a tsoma a ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke, a matse sosai, a goge. A sake bi da tsumma mai ruwa zalla, daga nan a tsane da busasshe. Kada a kwara masa ruwa, balle a tsoma shi cikin baho, domin cikinsa kayan lantarki ne kamar na rediyo.

Fari-farin nan kuwa, gishirin da ke cikin ruwan rijiya ne yake bushewa a kai. Matsa masa lemun tsami ko ruwan khal, a bar shi minti 5, a goge. In miya ce ta ƙone ta manne, a shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a kai kamar minti 10 har ta yi laushi. In ta ƙi, akwai ɗan abin kankara mai reza da ake sayarwa don wannan aiki, a riƙe shi a kwance a tura a hankali. Ban da wuƙa, ban da kanwa, ban da bilic.

Abu ɗaya ne ba a jira ya huce, shi ne sukari. In shayi mai sukari ko alawa ta zubo, a kashe nan take a kankare tun da ɗuminsa, ana kula da hannu. In ya sandare, yakan ɓantaro gilashin ya bar ƙananan ramuka.

Sai batun ɗaukewa da kansa. Galibi zafi ne ya yi masa yawa. Ɗaga shi ka duba ƙarƙashi da baya, za ka ga ƙofofin iska. Ƙurar hunturu, gari, har kyankyasai sukan toshe su. A bi su da busasshen buroshi duk mako. Kada a ajiye shi a kan tabarma, buhu ko teburin ƙarfe, kuma a bar tazarar kamar faɗin tafin hannu tsakaninsa da bango. Dalili na biyu shi ne wuta. Mai baki ɗaya yakan ja wat 1,800 zuwa 2,000, ƙaramin janareton shago ba zai ɗauke shi ba. Masu sola su tambayi mai haɗa musu ko na'urarsu za ta iya.

Kada a ɗora tukunya babu komai a ciki. Kada a bar cokali, wuƙa ko katin banki a kai. Wanda likita ya dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, ya nemi shawarar likitansa kafin ya riƙa tsayuwa dab da shi.

Malam, zanen da ya riga ya fito ba ya gogewa, amma ba zai hana girki ba. Tsaga ce babbar magana. Ran da kuka ga gilashi ya tsage, ko da siririn layi ne, a zare waya a daina amfani da shi, don romo na iya zurarawa ciki wuta ta ja mutum. A kai wa mai gyara ya sake fuskar.

Saboda haka ba lalle an cuce ku ba, riƙon ne ke son gyara, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A gai da uwargida. Jama'a, ku ci gaba da aiko mana da wasiƙunku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.